Na hana jikata tsallake tambaya, makinta ya faɗi

Malama mai wannan fili, don Allah ki taimaki wani tsoho da farin ciki ke neman sa shi ɓarna. Ni tela ne da ya ajiye almakashi. Sai da na kai shekara arba'in da shida sannan na iya rubuta sunana, a ajin yamma na manya, kan bencin yara, gwiwoyina na dukan tebur. Malaminmu bai kai ɗana na fari a shekaru ba, amma doka ɗaya gare shi wadda ba ya sassautawa: ba a juya shafi sai an gama da wanda ake kai. Yakan ce wanda ya tsallake layi kansa ya yaudara. Da dokar nan na koyi karatu, kuma da hannuna nake rubuta miki wannan wasiƙa, alhamdulillahi.

To ga jikata, mai sunan mahaifiyata, shi ya sa nake kiranta Uwata. Ta gama jami'a, tana aiki a kamfanin jigilar kaya, yanzu kuma tana neman shiga makarantar koyon harkar kasuwanci don digiri na biyu. Sai an ci wata jarrabawa a kwamfuta kafin a ɗauki mutum, don haka ta shiga kwas ta intanet. Gidansu ƙanne sun cika shi da hayaniya, sai ta zaɓi ɗakina. Kullum in ta tashi daga aiki, bayan la'asar, takan kifa kan tsohon keken ɗinkina, ta ɗora kwamfutarta a kan teburinsa, ta kunna bidiyon malaminsu. Malama, ban san yadda zan gaya miki daɗin da nake ji ba. Har maƙwabta sun gaji da labarin.

Da farko shiru nake yi, sai dai in miƙa mata ruwa. Rannan ta fassara mini wata tambaya don tsokana, wai teloli uku sun ɗinka riguna kaza a kwana kaza, kwana nawa teloli biyar za su yi. Kafin ta ɗauki biro na ba ta amsa, kuma daidai ce! Ta yi ta dariya, ta ce daga yau sunana Furofesan Benci. Tun ranar ta cire abin da take saƙalawa a kunne don ni ma in ji darasin, tana fassara mini.

A nan na ji malamin nan yana koya musu cewa in tambaya ta ci fiye da minti biyu, a yi canki-canka a wuce. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce da ita mu ba haka aka koya mana ba, jinina ba zai yi karatun caca ba. Na sa ta yi mini alkawari ba za ta bar tambaya ba sai ta warware ta. Ta ce to. Duk gwajin da take yi ranar Asabar ina gefenta ina kallo, in ta tsaya a kan mai wuya in yi ta gyaɗa kai ina jin na yi tarbiyya.

Abin da ban lura da shi da wuri ba, Uwata ta daina tsokanata. Yarinyar da ba ta shigowa sai ta ce tsoho ya ƙi mutuwa ya bar mata ɗakin, ta koma gaisuwa a durƙushe kamar baƙuwa. Jiya uwarta, 'yata, ta gaya mini dalili. Sati uku ke nan makinta na gwaji yana sauka. Lokaci ke ƙare mata da sauran tambayoyi bakwai ko takwas ba ta ko gani ba. Ta kuma gargaɗi uwar kada ta faɗa mini, wai a rayuwarta ba ta taɓa ganina cikin murna irin wannan ba.

Saura kwana goma sha tara jarrabawar, kuma in ta rasa bana, sai baɗi. In na ce ta koma gidansu da karatun, na rasa yammacin nan da ya fi mini komai, ita kuma za ta ɗauka korarta na yi. In na yi magana, na tona wa 'yata asiri. Kuma gaskiya, har yanzu wani gefe na zuciyata bai yarda da tsallake tambaya ba. Yaya zan yi?

Tsohon ɗalibin ajin yamma

Baba, na gaishe ka da girmamawa, kuma ina taya ka murna sau biyu: da jikarka, da hannun da ya rubuta wannan wasiƙa.

Malaminka na ajin yamma ya yi gaskiya. Mai koyo ba ya tsallake abin da bai gane ba. Amma shi ma malamin kwas ɗin bai yi ƙarya ba, domin ba a ranar jarrabawa ake koyo ba. Jarrabawa mai agogo tana auna abin da mutum ya sani, tana kuma auna yadda yake raba lokacinsa. Ka tuna zamanin da kake shago. In mutum goma na jiran kayansu gobe, wuyan riga ɗaya ya ƙi zama, ina jin ba ka kwana a kansa ka bar tara a yanke. Ajiye shi kake yi ka sallami sauran. Ba wanda ya kira wannan ha'inci. Ita ma Uwarka abin da ake koya mata ke nan, kuma tambayoyi takwas da ba ta gani ba, wataƙila shida a ciki ta san su sarai.

Kada ka kore ta daga ɗakin. Ka warware mata alkawarin yau ɗin nan, da bakinka, don ba za ta karya shi da kanta ba. Ba sai ka ambaci 'yarka ba. Ka ce ka lura ta daina tsokanarka, ka yi tunani, ka gane ka sa mata dokar aji a filin jarrabawa. Wannan gaskiya ce tsantsa. In ta gano uwarta ta yi magana, ƙaramin abu ne, za su shirya.

Sannan ku raba aiki. Lokacin gwaji, ta bi malaminta, kai kuma ka ja kujerarka baya inda ba ka ganin fuskar kwamfutar, don ko gyaɗa kan kaka umarni ne. In ta gama, ta buɗe duk tambayar da ta canka, ku zauna a kansu ɗaya bayan ɗaya, ba a juya shafi sai an gane. Nan ne gurbin dokar malaminka, kuma duk kwas ɗin kirki haka zai so a yi. Kwana goma sha tara sun isa ta dawo da saurinta, tunda ba ilimin ne ya ragu ba.

Ba zan yi maka alkawarin sakamako ba, wannan na Allah ne. Amma ranar da ta shigo ta tsaya ƙerere ta tambaye ka yaushe za ka bar mata ɗakin, ka san an gyara. Allah Ya ba ta nasara, Ya ja kwanan Furofesan Benci ya ga ranar da za ta kawo takardar ɗaukarta a makarantar, ya karanta ta da kansa, layi-layi, ba tsallake.