Sarkin Maginan Arewa Zai Wuce a Mota

Unguwar Rimi, Kaduna
Ran Talata, Oktoba 1955

Wannan takarda ta fito daga hannun Alhaji Aminu, Sarkin Maginan Jihar Arewa kaf, mai baƙar mota, wanda ba a aza tubali daga Sakkwato har Yola sai da saninsa, zuwa ga Sanda Bazazzagi, mai zanen bango a Unguwar Kanawa. Gaisuwa irin ta babba ga ƙarami, da tambayar lafiyarka da ta iyali.

Bayan haka, labari ya iso mana cewa kai ne ka yi zanen nan na ƙofar gidan Alhaji Tanko, wanda mai gidan ya sa aka shafe da siminti bana. An ce tun ranar ba ka ƙara taɓa laka ba, sai zaman gindin zogale da shan fate, kana ƙirga kajin maƙwabta. Wannan bai yi mana daɗi ba.

To ka sani muna shirin gina wani zaure mai ƙofa bakwai, muna kuma neman hannun da zai yi masa ado. Amma mu ba ma cinikin biri a sama. Ka zane mana bangon gidanka na waje, daga ƙofa har kusurwa. Mu ga dagi, mu ga keke, mu ga agogo, mu ga jirgin ƙasa da hayaƙinsa. Za mu wuce a mota mu duba. Ba za mu faɗi rana ba, ba kuma za mu tsaya ba, don manya ba sa tsayawa.

Amsa a ba Rabe mai gyaran keke a Abakpa, can masinjanmu yake kai faci. Saurayi ne mai hankali da kyan gani, a riƙa girmama shi.

Haza wassalam.

*

Unguwar Kanawa
Ran Alhamis, bayan kwana tara

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin Sarki. Daga baranka Sanda, gaisuwa da ban girma, ina durƙushe.

Ni ban iya karatu ba, laka ta ɗauke ni daga makarantar allo tun ban kai Tabbat ba. Raben nan da ka ambata shi ya karanta mini takardarka, shi ne kuma yake rubuta wannan ina faɗa. Inda ka ce mai hankali ne na sa ya sake dubawa, ko tawada ce ta zuba. Bakano ne, ranka ya daɗe, ni Bazazzagi, ka san wasan da ke tsakaninmu. Bawana ne tun kaka da kakanni. (Ni mai rubutu na ce a tambayi tarihi.)

Ranar da aka karanta mini, ban kai la'asar ba sai da na jiƙa makuba. Ita ce ɓawon ɗorawar da muke kwaɓa ƙasa da shi don kada ruwa ya cinye zane. Jar ƙasa na ɗebo bakin rafi, farar kuma Mero matata ta ba ni wadda ta ajiye don shafe ɗaki. Shuni na roƙa wurin marina. Dagi ya tashi, agogo ya tashi, keke saura taya guda. Hannuna da farko ya yi nauyi kamar na aro, yanzu ya tuna ni.

Abin da ya hana aikin sauri, ranka ya daɗe, motarka ce. (Cewa ya yi "motarka ne", ni na gyara masa Hausar.) Da na ji ƙugi sai in diro daga tsani in goge hannu a wando in tsaya. Shekaranjiya sau huɗu na sauko. Biyu na masu itace ne, guda ta asibiti, guda ma ba mota ba ce, injin niƙa ne aka tayar. Abokaina da muke zama, Bala maƙeri da su baduku, yanzu da sun gan ni a sama sai wani ya yi ƙugi da baki. Jiya na kusa karya ƙafa.

Akwai magana guda da ba zan ɓoye wa babba ba. Da na ga siminti ya ci sana'armu, Haruna wan matata ya sha wuya ya samo mini gurbi a reluwe, ƙetaren gada. Aikin fenti ne. Wai faranti ne mai huji ake ɗorawa a jikin tarago a shafa, lamba ta fito. Ko makaho ya yi. Amma albashi ne duk wata, kuma Mero tana da ciki. An ce in je ran Litinin ta farkon watan gobe, wanda bai zo ranar ba a ba wani. Ina so in san matsayina kafin nan.

Allah ya ƙara girma. A gaida mutanen gida da direba.

Baranka, Sanda.

*

Unguwar Rimi
Ran Lahadi

Daga Sarkin Maginan Arewa zuwa ga Sanda. Mun amsa gaisuwarka, direba ma ya amsa.

Mun wuce. Ba ka gan mu ba, lokacin ka ba titi baya kana sosa ƙeya da cokalin laka.

Dagi ya yi. Agogo ya yi, sai dai mun lura ka tsayar da shi daidai lokacin cin abinci. Keke kuwa, kai Sanda! Sarƙa ta yi sako-sako, babu birki, kuma wa ya ce maka feda biyu suna kallon ƙasa tare? Wanda ya hau wannan sai dai a tsince shi a kogin Kaduna. Ka je wurin Rabe ka durƙusa ya nuna maka yadda Allah ya yi keke.

Sa'an nan wane irin daji ne ka bari a kan bangon? Duma ya sauko ya rufe wurin da hayaƙin jirginmu zai bi. Zane muka ce mu gani, ba gonar Zazzagawa ba.

Maganar reluwe ƙaramar magana ce, manya ba sa gaggawa. Ka ci gaba da aiki.

Wassalam.

*

Unguwar Kanawa
Ran Juma'a, bayan an sauko

Allah ya ja zamanin Sarki. Gaisuwa da biyayya daga Sanda.

Ranka ya daɗe, na sare duman.

Na Mero ne. Ita ta shuka shi farkon damina, irin da ta zo da shi daga gidansu, ta ɗora shi bisa bango da hannunta. Ƙwarya take fafewa ta yi mata zane da wuƙa mai zafi, mata suna saye. 'Ya'ya goma sha ɗaya ya yi, saura 'yan makonni su ƙosa. A cikinsu akwai wata babba da ta ware, ta ce da ita za a yi wa jariri wanka. Na sare tana wurin awo. Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Tattara su ta yi ɗanyu ta jera a bakin rijiya. Yau kwana huɗu, tuwo take ajiye mini ta juya.

Amma bango ya ƙare. Keken na rushe na sake, Rabe ya kawo na gaske ya jingina ina kallo. Hayaƙin jirgi na ja shi tun daga kusurwa, ya bi ta kan agogo, ya je ya narke cikin dagi, har ba ka sanin inda hayaƙi ya ƙare dagi ya fara. Ban taɓa yin irinsa ba, ubana ma da ya koya mini ban ga ya yi ba. Mutane suna tsayawa. Masu tallan nono sun mai da wurin mahuta. Bala maƙeri da ke yi mini ƙugi ya zo da safe ya daɗe a tsaye yana kallo, ya tafi ya dawo da goro ya ba ni.

Saboda haka na yanke shawara. Ran Lahadi zan je in ba Haruna haƙuri, a ba wani gurbin. Wanda zai yi zaure mai ƙofa bakwai ba ya shafa lamba ta cikin huji. Na san zai ce na watsa masa ƙasa a ido, Mero kuma ban san ranar da za ta ƙara yi mini magana ba. Raben nan tun ɗazu yake ce mini in dakata, wai kada in zubar da ruwan tulu don hadari. Na ce rubuta abin da aka ce ka rubuta, Bakano me ya sani ban da awo? Yau dai ko gyaran Hausar bai yi mini ba.

Roƙona guda, ranka ya daɗe. Na san manya ba sa tsayawa. Amma ka tsaya sau ɗaya, ko ba ka fito ba, ka sauke gilashi Mero ta gan ka. Ita ba ta yarda akwai ka ba.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Baranka, Sanda.

*

Abakpa
Asabar da hantsi

Wannan takarda na ba Malam Abdurrahim liman hannu da hannu, shi zai karanta maka. Malam, don Allah a zaunar da shi tukuna, a kira Mero ta tsaya daga bayan ƙofa ta ji.

Sanda, kada ka je wurin Haruna gobe. Jibi ka yi sammako ka ƙetare gada.

Tun jiya takarda uku na rubuta na yage. Ta farko Sarki ya ce an fasa ginin. Ta biyu Sarki ya rasu. Ta uku ya ce aikinka bai yi ba, ita ce ma za ta fi saurin kai ka reluwe, ita ce kuma na kasa ko gamawa. Mero ta fi mu hankali. Babu zaure, babu ƙofa ko guda.

Wata huɗu ina ganinka a gindin zogale kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na ce bari in tsokane ka ka hau tsani, in ka sauko mu yi dariya. Da ka hau sai abin ya yi mini daɗi na ƙara. Maganar duma wallahi iya shege ne, ban zaci za ka ɗauki lauje ba. Mero, ba ni da bakin ba ki haƙuri. Ki faɗi abin da za a yi mini, Malam shaida ne.

Bangon kuwa ya yi. Kullum sai na zagayo ta layinku, alhali ba hanyata ba ce.

Ina shago, ban gudu ba. Sanda, in da sanda za ka zo, ka bari sai ka taso daga aiki ran Litinin, zan tsaya.

Ni ne Sarkin Maginan Arewa. Ni ne masinja, ni ne direba, motar ma ni ce.

Rabe mai faci.