Gudun da Ya Kifar da Tukunyar Inna Ƙaltume

Khalidiyya, Madina
Farkon Rajab

Zuwa ga Yaya Innayatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Sufyan da yara, kuma gonar dabinonku ta Badar ta yi albarka. Na ba Saif direba wannan takarda, tunda kin ce maganata a waya ba ta shiga kunnenki.

Yaya, na je mustashfa, wato asibiti. Daktur ya auna jinina, ya ce sukari ya hau, in ban motsa jiki ba allura ce za ta biyo baya. Ina fitowa ban tuna komai ba sai ƙafar Baba, da ranar da aka dawo da shi gida babu ita. An ba ni zuwa ƙarshen Sha'aban in koma a sake awo.

To, kada ki yi dariya: na fara gudu. Bayan asuba nakan ɗauki mota zuwa hanyar ƙafa da aka shimfiɗa a gefen Wadi Aƙiƙ. Ranar farko na ɗauka raina zai fita. Yanzu kuwa! Ina wuce itatuwan dabino iska na dukan fuskata, in na miƙa wajen Bi'ir Ali sai ga motocin masu umra a jere, mutane fari fat cikin harami suna labbaika, ni kuma ina haki a gefensu. Na gwada lambun shaƙatawa na Hadiƙar Malik Fahad, can akwai ciyawa da inuwa, gwiwa ba ta ciwo. Amma wurin da ya fi tafiya da ni shi ne gindin Uhudu: ƙasa ja, hawa kaɗan, gangara kaɗan, in rana ta leƙo dutsen ya koma kamar garwashi. Shekara arba'in ina garin nan, ashe ta tagar mota kawai na san shi!

Duk da haka, in na zauna rubuta yadda yinina ya wuce, sai in tambayi kaina: anya ya dace magidanci mai tumbi da furfura ya riƙa gudu a bainar jama'a? Ki faɗa mini gaskiya.

Ƙaninki mai girmama ki,
Hamid

Badar

Hamidu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Malam yana gaishe ka, ya ce a tambaye ka wa ya biyo ka.

Kai da tun kana yaro in an aike ka shago sai ka tsaya ka ninke hannun riga tukuna, yau kai ne mai gudu? Na yi dariya har yara suka shigo. Da na zo kan maganar Baba kuma sai na yi masa addu'a. Ka yi gudunka, ɗan uwana. Tumbi da furfura ba su kai ƙafa tsada ba. Mai ganin ka zubar da girma, ya zo ya ara maka tasa in an yanke.

Ga dabino nan na aiko, na matarka Ruƙayya ne da yara. Kai ka ci da ido.

Yayarka,
Innayatu

Khalidiyya
Tsakiyar Rajab

Zuwa ga Yaya Innayatu,

Assalamu alaikum. Dabino ya iso, Ruƙayya tana godiya. Yaya, na ɓata abu.

Motata tana wurin gyara, sai na ce bari in fara gudun daga ƙofar gida bayan la'asar. Na bi ta tsohuwar unguwarmu, layin nan da matanmu ke shimfiɗa basɗa, wato zanen baza kaya, a ƙasa suna sayar da yaji da kuka da ƙuli-ƙuli. Kin san halina, ba na son mota ta zo mini ta baya, don haka ina gudu ina waiwaye.

Sai na ji wata ta ƙwala: "Sun zo! Sun zo!"

Kafin ƙiftawar ido kowace ta tattare bakin zanen kayanta ta saɓa a kafaɗa. Sun ga nasu, baƙar fata kamar su, yana gudu yana duba baya, suka ɗauka jami'an da ke kamen marasa takardar zama ne a bayana. Ni kuma, Allah ya yafe mini, da na ga layi gaba ɗaya ya tashi, sai na ɗauka akwai abin da ya biyo mu, na ƙara wuta! Ina gaba suna biye. Sai da muka kai bakin babban titi wata ta riƙe mini riga tana haki: "Ya akhi, ina suke?" Na ce, "Su wa?"

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Inna Ƙaltume, tsohuwar nan mai kunun gyaɗa, ta yi tuntuɓe da tukunyarta. Kunu ya malale, idon ƙafarta ya gurɗe, tana kwance a gida.

Bayan magariba Baba Shittu, dattijon unguwa, ya kira ni a gaban mutane. Ya ce, "Hamidu, babba ba ya gudu sai da dalili, kai kuma naka dalilin ya kwantar da tsohuwa. Kada ka ƙara ɗaga ƙafa, a nan ko a Uhudu, sai Ƙaltume ta ce ta yafe." Na amsa da to. Na je gidanta dubiya da kwalin lemo, 'yarta Mariama ta tsayar da ni a ƙofa, ta ce Inna ta ce ba ta san ni ba.

Tun ranar ban yi gudu ba. Da asuba ƙafafuna suna ƙaiƙayi, ga Sha'aban ya ƙarato. Wataƙila dama abin bai dace da ni ba.

Ƙaninki,
Hamid

Badar

Hamidu,

Salamu alaikum. Malam ya sa na yi ta maimaita masa "Su wa?" har ya kusa faɗowa daga kujera.

Yanzu ka saurara. Kai a nan aka haife ka, katinka na zama yana aljihunka, ba ka taɓa cin abinci kunnenka yana titi ba. Wasu daga cikin matan nan haka suka tsufa. Ba kunun ne ya ɓata mata rai ba, tsoron banza da ka sa ta ji a gaban ƙawayenta ne. Kuma mai basɗa in ta kwanta, wata ce ke gaje mata wuri. Kwalin lemo ba ya tsare wuri. Ka je ka zauna mata a kan shimfiɗarta ka yi ciniki har ta warke. In kana jin kunyar zaman, ka tuna ita ba ta taɓa samun zaɓi ba.

Na aika wa Mariama labarin ƙafar Baba. Ta karanta wa uwarta ko ta bari, ruwanta.

Yayarka,
Innayatu

Khalidiyya
Farkon Sha'aban

Yaya,

Assalamu alaikum. Na zauna! Kullum in na tashi daga aiki, Mariama tana dama kunu, ni ina ɗauko tukunya in zauna a tsakiyar mata. Ranar farko kaina bai ɗago ba. Suka sa mini suna Sun-Zo. Safiyyatu, wadda ta fara ihun, ta ce ludayina ya cika rowa, "Ka zuba, ya shaikh, ba maganin ido ba ne!" Yanzu na san mai son tsami, na san wadda mijinta ke kwance, har masu saye suna tambaya ina mai furfurar nan. Jiya tukunya ta ƙare kafin magariba, mata suka yi mini guɗa. Wallahi na ji kamar na hau Uhudu.

Inna dai shiru. An ce ta fara taka ƙafar. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Hamid

Zuwa ga Hamidu ɗan marigayi Mahmudu,

Salamu alaikum. Mariama ce ke rubutu, Inna ce ke magana.

Ta ce wurinta yana nan, ta gode. Ta ce ta san mahaifinka lokacin yana da ƙafa biyu, ba za a yanke taka a kanta ba. Ta yafe, ta kuma aika wa Baba Shittu.

Amma da sharaɗi. In ka shigo layinsu da gudu, ka ɗaga murya ka gai da kowace da sunanta, don mai gudun tsira ba ya gaisuwa.

Ta ce gobe da la'asar tana kan shimfiɗarta. Ka zo ka wuce a guje, tana son ganin ko gudun da ya kwantar da ita ya kai a kalla ma.

Wassalam,
Ƙaltume mai kunu