Adiza, An Ƙera Maɓallin Nan

Zuwa ga uwargidana kuma amaryata, tunda dai ke kaɗai ce, Adiza 'yar Malam Seidu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin rahamar Ubangiji. Na so in rubuta "ina fatan kina lafiya" kamar yadda aka koya mana a aji huɗu, inda karatuna ya turje ya ce ba zai ƙara taku ɗaya ba, sai na tuna inda kike an wuce zancen zazzaɓi da hawan jini. Mu ne dai muke nan muna fama.

Ni ne Issaka naki, wanda unguwannin Nima da Maamobi na Accra suka sani da Issaka Lasifika. Ba don kin manta na faɗi sunan ba, sai don masu leƙen wasiƙar mutane a waya. Ku ma sannunku. Ki yi haƙuri da rubutun, da yatsa ɗaya nake yin sa, kuma kin san Hausarmu ta Zongo da baƙin Kano ke yi wa dariya. Sai da autarki Memuna ta bi ta gyara duk inda na mai da ke namiji.

Albishir nake tafe da shi. Kin tuna abin da kike ce mini idan na dawo daga gidan biki, kunnena ya toshe, ina yi miki hira kamar kina tsallaken titi? "Issaka, rediyo ma da maɓallin kashewa aka yi shi. Kai wa ya manta da naka?" To, an ƙera maɓallin nan. Na gan shi da idona a kwamfutar 'yarki. Amma bari in bi da ke ta hanya, kada in tsallake gwata in faɗa ciki.

Kin san yadda Allah ya yi mana raha da yarinyar nan. Ni da nake ba da hayar lasifika a suna da biki da Maulidi, ni da ban taɓa yin raɗa ba tunda aka haife ni, sai aka ba ni 'yar da idan ta yi sallama sai ka duba ko kyanwa ce ta shigo. Ran da ta ce malamar makaranta take so ta zama, na yi dariya har na ƙware da koko. Ke ba ki yi ba. Cewa kika yi, "Muryarta na nan, tana tafe ne a ƙafa."

Kin tuna makon da ta fara gwajin koyarwa a firamaren nan ta Sabon Zongo? Ta dawo ta shige ɗakinki ta kwanta rubda ciki. Yaran da ke bayan aji ba su ma san ta fara ba har aka tashi. Na tsaya bakin ƙofa ina soshe-soshen ƙeya, don ni ban iya lallashi ba, abin da na iya shi ne haɗa waya. Na shiga cikin tarkacena na zaro wata 'yar lasifika kamar bulon sabulu, na ɗaure ta da baƙin salatif, na haɗa mata ɗan makirufo na maƙalawa a mayafi. Kika dube ni kika ce, "Yau dai haukanka ya yi rana."

Da ita ta gama kwalejin malamai. Da ita aka tura ta wani ƙauye bayan Salaga, inda kika yi ta kuka kamar an kai ta bangon duniya. A can ne ta ga idan damina ta kama, rabin aji yana gona. Sai ta fara ɗaukar darasi da muryarta a waya, guntu-guntu, tana tura wa duk gidan da ke da waya, yara su saurara bayan sun sauke fartanya. Har ke ta tura wa ɗaya. Kina tsinke ganyen ayoyo kina sauraron yadda ake haɗa baƙaƙen Turanci, kina gyaɗa kai kamar gobe za a yi miki jarrabawa.

Nan kika tsaya da labarin. Sauran ni kaɗai na gani, kuma kin san ni ba shaidar kirki ba ne, amma ki karɓa a haka.

Bayan rasuwarki ta nemi a dawo da ita Accra, wai kada in zauna ni kaɗai. Ni kaɗai, a gidan haya mai ɗaki kamar ramin tururuwa! Amma na gane nufinta, na yi shiru, wanda shi ma tarihi ne. Tana koyarwa da rana, ƙarshen mako tana jami'a, har ta yi digiri, ta ƙara wani a kansa kamar mai neman faɗa da littafi. Daga nan wata kwalejin malamai ta ɗauke ta, amma a matsayin wucin gadi, yau kana nan gobe sai an gani. Aikinta shi ne koyar da malaman ƙauye da ba za su iya barin ajinsu su zo birni ba. Duk Asabar da rana sai ta zauna a ɗakinki, ta buɗe kwamfuta, fuskoki su fito cikin ƙananan akwatuna kamar tagogin bene. Wani yana ƙarƙashin mangwaro, wata tana goye da ɗa, wani ya hau tudu yana neman sabis.

A nan na ga maɓallin. Idan akuyar wani ta dame su, sai ta danna, mutumin ya ci gaba da motsa baki, ba sauti. Adiza, na daɗe a tsaye ina kallon abin nan. Na ce a raina, Allah ya so ni da bai zo a zamaninki ba.

To, ga inda tuwon ya yi gudaji. Aka sanar da ita cewa manyan kwalejin za su shiga ajinta wata Asabar su zauna su kalla. Idan abin ya gamshe su, ta zama cikakkiyar malama. Idan bai gamshe su ba, wa'adinta ya ƙare, ta koma neman inda za ta dafa. Shekarunta na wahala duk sun taru sun tsaya a kan yammaci ɗaya.

Kuma a Asabar ɗin da ta gabace ta, Ayishetu 'yar Mma Fati mai koko, ƙofarsu na kallon tamu, ta haihu. Kin san shekarun da yarinyar nan ta yi tana jira, ke kanki kin raka ta wurin masu magani. Ki lissafa da kanki ranar da suna ya faɗa. Kuma tun cikin yana wata uku na yi wa Mma Fati alkawarin lasifikata duka, kyauta, har na rantse sai an ji kiɗan har unguwar Malam, can bakin gari. Ranar suna ba ta matsawa. Manyan kwaleji ma ba sa matsawa.

Na ce wa Memuna ta tafi unguwar Adabraka, ofishin wata ƙawarta mai sanyi da ƙofar gilashi. Ta ce, "Baba, ɗalibaina daga gindin bishiya suke shigowa. Ni ma daga ɗakin uwata zan shiga." Taurin kan nan ba a wurina ta samo ba, kada ki dube ni.

Sai na ɗauki hulata na fita yin abin da ban taɓa yi ba. Na fita roƙon a yi mana shiru ranar sunan, daga Azahar zuwa La'asar. Mma Fati ta ajiye ludayi ta ce, "Kai? Kai da ka kurmantar da mijina har ya mutu yana cewa na'am ba a kira shi ba?" Kofi mai injin niƙa ya taɓa goshina ya ce, "Cale, abokina Baba Issaka, mu je asibiti." Har liman sai da ya ce zai sa abin cikin huɗuba, a matsayin alamar tashin duniya. Amma duk sun yarda. Mma Fati ta ce, "Ba don kai ba. Don Adiza, da yarinyar da ta bari."

Ranar ta zo. Da safe aka raɗa wa yaro suna, aka ci aka sha. Na jera lasifika a tsakar gida, na haɗa komai na bar shi a kunne, don da an yi La'asar in saki kiɗa in wanke alkawarina. Aka yi Azahar, mata cike da gida, ga ashobi ga ƙamshin turare, kowace tana cin shinkafa kamar ɓarauniya.

Adiza, ashe Nima tana da tantabaru. Ashe ruwan gwata yana da sauti. Ina zaune kan amfilifaya sai na ji muryar Memuna ta taga, ba lasifika ba komai, a natse, kowace kalma tana zuwa ta zauna a mazauninta. Muryarki ce. Irin wadda kike yi idan kina ba ni labari kina ninke kaya. Duk shekarun nan tana gidan, ihuna ne ya hana ni ji.

Ana cikin haka sai ga wata gwaggon mai jego daga Sabon Zongo, wadda ba wanda ya gaya wa yarjejeniya. Tun daga bakin ƙofa ta rangaɗa guɗa. Jariri ya firgita ya tsala kuka. Mata suka hau "shsh, shsh" kamar ana korar kaji. Ni kuma, wallahi ban san lokacin da hannuna ya yi abin da ya saba ba. Sai dai na ji muryata ta fito ta lasifika duka:

"JAMA'A! A YI SHIRU! MALAMA TANA AIKI!"

Tantabarun suka tashi. Jariri ya haɗiye kukansa. An ce wani direban trotro, motar hayar nan, a babban titi ya taka birki. Ni da na bi gida-gida ina roƙon shiru, ni na yi ƙarar da ba a taɓa yin irinta a unguwar ba. Sai gidan ya ɓarke da dariya, Mma Fati tana riƙe ciki tana cewa, "Na faɗa! Na faɗa!"

Ni ban yi dariya ba. Na ce shi ke nan, na ba ta murya da hannuna, na ƙwace da bakina. Na leƙa ta taga. Yatsanta yana kan maɓallin nan, dannawa ɗaya ta rufe mu duka, ta ba manya haƙuri, ta nuna kamar daga wani gida abin ya fito.

Ba ta danna ba. Ta yi murmushi ta faɗi wata magana da Turanci, abin da na tsinta a ciki shi ne "mai faɗa". Na ce to, na cancanta, amma a gaban baƙi? Sai daga baya ta fahimtar da ni cewa a Turanci haka ake cewa mahaifina. Ka ji harshe, ya san halin iyaye maza.

Ta miƙa hannu kan kabad ɗinki ta sauko da 'yar lasifikar nan mai salatif. Ban ma san tana nan ba. Ta nuna musu, ta ce wannan ita ce na'urar koyarwarta ta farko, kuma wanda suka ji yanzu shi ya haɗa ta. Ta juyo da kwamfutar ta taga, akwatunan fuskoki suka ga tsakar gidanmu, matan suka gyara ɗaurin kallabi suna ɗaga hannu. Sannan ta ce wa ɗalibanta kowa ya buɗe muryarsa, a ji abin da ke bayansa. Aka ji ruwan sama kan kwano, aka ji zakara, aka ji injin babur. Ta ce to, a cikin wannan kowannenku yake koyarwa, yanzu kowa ya faɗi yadda yake sa yaron da ke bayan aji ya ji shi. Mutanen da suka yi tsit don tsoron manya suka hau rige-rigen magana. Har aka kira La'asar ba su so tashi ba.

Na saki kiɗa bayan salla, amma a hankali. Mma Fati ta zo da kanta ta ƙara murya.

Mun yi kwanaki ba labari. Na rame, Adiza, har wandona ya fara neman wani maigidan. Ba ta taɓa ce mini uffan a kan abin ba, wannan ya fi duka ciwo. Sai shekaranjiya tana wanke shinkafa wayarta ta yi ƙara. Ta goge hannu ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta zo ta durƙusa gabana ta ce, da ƙaramar muryar nan tata, "Baba, ka sanar da jama'a." Na ce da lasifika? Ta ce, "Duka."

An tabbatar da ita. 'Yarki cikakkiyar malamar kwaleji ce, mai koyar da malamai. Muryar da kika ce tana tafe a ƙafa ta iso, har ta wuce mu ta kai ƙauyukan da ban san sunansu ba. Ni kuma ɗalibanta sun yanke wurin ihuna suna tura wa juna, yanzu ko kasuwa na shiga sai in ji "Baba A-Yi-Shiru". Na gode Allah, ni ma na shiga kwaleji, ko da ta taga ce.

Abu ɗaya ya rage in gaya miki, masu leƙe su kau da kai. A ajin nan nata, wani lokaci mutum yakan manta muryarsa a kashe take, ya yi ta magana, sai sauran su ce, "Muna ganinka, ba ma jinka." Haka kike zuwa mini a mafarki. Ga ki nan da mayafinki mai ruwan ƙasa, bakinki yana motsi, ba sauti. Da abin yana tayar mini da hankali. Yanzu na daina damuwa, tunda na gano inda aka ajiye muryar. Duk Asabar bayan Azahar ina jawo kujera gindin taga in zauna, bakina a rufe, ba wanda ya danna mini komai.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi, ya sanyaya miki makwanci. Allah ya ba ki maƙwabta masu natsuwa, kin sha hayaniya a duniya. Allah ya riƙa wa Memuna, ya sa albarka a duk kunnen da muryarta ta shiga, ya raya yaron Ayishetu da muka firgita tun yana ɗan kwana bakwai. Idan lokacina ya yi, Allah ya sada mu a gidan aminci. Za ki san na iso, ba sai an gaya miki ba.

Naki har abada, a kunne ko a kashe,
Issaka Lasifika, Nima