Gidana Ya Ƙi Sayuwa, Ni Kuma Na Kasa Kallon Baba

Inna Baraka, don Allah ki taimake ni, kunya ta hana ni gaya wa kowa. Ni tela ne, ina da gida a kan dutsen Nakkasa a Makka. Matata Zinariya gwiwa ta daɗe da kama ta, yanzu wata huɗu ba ta sauka daga dutsen ba, ko Harami ba ta zuwa. Na ba dillali gidan don mu koma ƙasan dutse, wajen unguwar Shisha. Ga mutanen da faɗaɗa Harami ya tasa suna neman gida ido rufe, amma nawa wata bakwai shiru.

Akwai abin da ban faɗa ba. A ɗakin ƙasa akwai Baba Mailafiya, tsohon da suka tako da mahaifina daga Sakkwato ta Sudan. Mahaifina ya bar wasiyya kada a raba shi da mu. Duk ranar da masu saye za su zo, sai in tura shi masallaci, in ɓoye tabarmarsa, in ce ɗakin ajiya ne. Su yaba, su tafi, ba sa dawowa. Ranar Laraba da ya hango dillali, da kansa ya naɗe tabarmar ya fita. Wallahi tun ranar ban iya haɗa ido da shi ba.

Tela Mai Nadama, Makka

Ɗana, larurarka gaskiya ce, ban ga laifinka ba da kake nema wa matarka sauƙi. Amma gano dalilin ba wuya. Wa ke sayen gida a Makka bai tambayi maƙwabta da mai ga-ruwa ba? Sun ji labarin tsohon da wasiyyar, sun ga ka ɓoye. Wanda ya ɓoye mutum sukutum, me zai hana shi ɓoye tsagar bango?

Ka fara da Baba. Ka nemi gafararsa yau, kada ka bari sai gobe. Sannan ka gaya wa dillali gaskiya, ka rage kuɗin kaɗan saboda hawan dutsen, masu saye kuma su tarar da tsohon zaune a ɗakinsa, su ji daga bakinka cewa da shi za ku tashi. Mahaifinka amanar mutum ya bar maka, ba ta ɗaki ba. Kuma gwiwar da ta tako daga Sakkwato ta fi ta Zinariya bukatar sauka.

Allah Ya kawo mai saye na alheri, Ya ba Zinariya lafiya.