Kafin Alƙalamin Abokin Maigidana Ya Ɗaure Mana Mota

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara. Na kai inda in na buɗe baki a gida sai faɗa, in na yi shiru kuma abin ya yi ta cin raina. Ki yi haƙuri in na yi ta zuba, ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ni ma'aikaciya ce a wani kantin magani, a tsaye nake wuni bayan kanta. Maigidana akawu ne a wani kamfanin kayan gini, har zuwa watannin baya da hawan jini ya kayar da shi yana shirin fita aiki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Alhamdu lillahi magana ta dawo, ko da yake da nauyi take fita, ƙafar ma yana jan ta da sanda, amma hannun yana nan kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Likita bai ɓoye mini komai ba. Ya ce watannin farko su ne na gyara: in an dage da gashi, wato motsa gaɓoɓi a wurin ƙwararru, yanzu, akwai fatan hannun ya dawo, in kuwa aka bari ya sandare, to sai dai haƙuri. Kuɗin gashin ya fi ƙarfin albashina nesa ba kusa ba. Kamfaninsu sun ba da ɗan abin da suka bayar sun ɗauke kai. Abu ɗaya mai daraja da ya rage mana shi ne motarsa.

Motar ba sabuwa ba ce, a hannu ya saye ta, amma Anti ya riƙe ta riƙon da ko ni ban samu ba. Ba a cin komai a cikinta, ba a buga ƙofa, yara ma sai sun kakkaɓe takalmi kafin su shiga. Da muka yanke shawarar sayarwa na ce ba zan bai wa dillali ba, don la'adarsa kaɗai za ta biya mana gashi na wani lokaci. Na rubuta lambar wayata a takarda na manna a gilashin baya.

Daga ranar na san halin mutane. Akwai masu bugo waya su tambayi kuɗinta na ƙarshe alhali ko launinta ba su gani ba. Akwai wanda ya zo da abokansa, suka zaga gari da ita suka ƙone mini mai, ya ce zai kira, har yau yana kira. Wani ya daddaki tayoyi da ƙafa, ya leƙa inji yana gyaɗa kai, ni kuwa na rantse bai san inda ake zuba ruwa ba. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wanda ya hango maigidana da sanda ta ƙofar falo, nan take ya zabge rabin tayin da ya yi da bakinsa. Sun ji warin matsuwa a jikinmu, kowa so yake ya tsinci banza.

Ana cikin haka sai ga abokin aikin maigidana ya zo duba jiki. Shekara da shekaru teburinsu na jere a ofis. Ya ga takardar a gilashi, ya ce ina dalilin da za a kai wa bare mota irin wannan yana raye. Bai ja ciniki da nisa ba. Ya ce bashi yake jira daga ƙungiyar ma'aikatan ofishinsu, jibi-jibin nan zai fito, ya zaro kafin alƙalami wanda ko kashi ɗaya cikin goma na kuɗin bai kai ba ya ajiye a kan tebur. Maigidana ya miƙa masa hannun hagu ya ce ya sallama. Mutumin da kansa ya fita ya ɓare takardar daga gilashi. Sannan ya nemi makulli na biyu, wai don ya riƙa zuwa yana tayar da inji kada batir ya mutu, tunda ni ina wurin aiki. Na ɗauko na ba shi. Ba a rubuta komai ba, ba a sa rana ba. Ta yaya zan ce wa abokin mijina ya sa hannu a takarda, a gaban mijin nawa, ranar da ya zo gaishe shi?

Bai daɗe ba ya dawo ya ce tayoyin baya sun suɗe, a canja su daga cikin kuɗin da ya bayar, ai motarsa ce dai. Na canja. Kin ga ke nan kuɗinsa ya koma ƙarƙashin motar, ko allura ɗaya bai saya wa mara lafiya ba.

To daga nan ne aka shiga wasan da ya hana ni sukuni. Duk ƙarshen mako sai ya zo da bokiti da soso ya wanke mota tas, ya tayar da inji, ya zauna ciki yana jin rediyo. Ya kawo matarsa da 'ya'yansa sun shiga sun fita. Ya kawo bakanikensa ya ce lafiyarta ƙalau, bai gamsu ba ya kawo wani. Ya kawo wansa, wai masanin mota, shi kuma ya ce da ya ƙara kaɗan ya sayi wata iri. Yau yana jin wata ƙara a ƙarƙashi, gobe yana tsoron shan mai. Bashin kuwa, shugaban ƙungiya ya yi tafiya, ya dawo, kwamiti bai zauna ba, ya zauna, ma'aji ba shi da lafiya. Yarana har sun laƙaba masa suna Kawu Jibi, na tsawata musu a fili, a zuciyata kuwa na ce sun yi masa da sauƙi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, ya roƙe ni kada in riƙa hawanta, wai kada a goge ta a hanya ciniki ya lalace. Ranar asibiti sai in tallabo maigidana, mu raɓa ta gefen motarmu tana ta walƙiya a ƙofar gida, mu tsaya bakin titi muna tare tasi. Direba ya ƙosa, ni ina cusa ƙafar bawan Allah a hankali, ana yi mana ham a baya.

Sau biyu masu saye na gaske suna zuwa. Wata malamar makaranta da maƙwabciyata ta turo ta zo da kuɗinta a shirye, maigidana ya ce a ba ta haƙuri, an riga an sallama. Ta je ta sayi wata. Yanzu akwai wani mai shagon kayan lantarki, tayinsa ya gaza na Kawu Jibi kaɗan amma kuɗi hannu, ya ce zai jira ni zuwa ƙarshen wata.

Na daure na yi wa mutumin magana cikin ladabi a ƙofar gida. Ya yi murmushi ya ce in sauri nake yi ba komai, in mayar masa da kuɗinsa cif, alhali ya fi kowa sanin inda kuɗin yake. Daga nan ya shige ciki ya gaya wa maigidana cewa na ci masa mutunci. Tun da ciwon nan ya same shi ban ji maigidana ya yi doguwar magana irin ta ranar ba. Ya ce ciwo ya karɓe masa hannu amma bai karɓe masa magana ba, shi ba ya sallama abu ya dawo ya janye, kuma ba a gidansa za a wulaƙanta abokinsa saboda kuɗi ba. Saboda kuɗi, Anti! Kamar zannuwa zan saya da su. Shi ne fa duk ranar wankin mota yake sa a ja masa kujera bakin taga, yana nuna wa mutumin inda bai goge da kyau ba, har da dariya, ni kuwa ina kicin hawaye na zuba.

Mun rage zuwa gashi saboda babu. Mai yi masa gashin ta ja ni gefe ta nuna mini yatsunsa sun fara lanƙwashewa ciki. Wana ya ce in sayar kawai in cinye kafin alƙalamin, ladan ɓata mana lokaci. Surukata ta ce in yi haƙuri in bi mijina. Ni kuwa gaskiya na tsani mutumin nan, na tsani ƙarar bokitinsa, kuma ina jin haushin mijina, sai in dawo in ji kunyar jin haushin mara lafiya. Dole ne in mayar da kuɗin? Zan iya sayarwa ba da sanin maigidana ba, ga shi takardun motar da sunansa suke? Ki faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci.

Taki,
Matar mai jinya

*

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki. Haushin da kike ji ba laifi ba ne, gajiya ce, kuma kina da hujja.

Bari in fara da inda ba za ki so ba. Kada ki sayar a ɓoye. Takardu da sunansa suke, duk mai saye mai hankali zai nemi sa hannunsa, kuma ko da abin ya yiwu, za ki samu kuɗin gashi ki rasa mutumin da za a gasa, domin ba zai bi ki asibiti da zuciya ɗaya ba. Shawarar da wanki ya ba ki ma ki ajiye ta. Tunda ba a yi sharaɗin cewa kuɗin ya tafi in an fasa ba, haƙƙin mai shi ne, a mayar masa. Amma ba daga albashinki ba. Daga kuɗin motar za a cire ranar da aka sayar, kuma sababbin tayoyi ba asara ba ce, ki nuna wa mai shagon su ki nemi ƙari a kansu.

Shi kuwa Kawu Jibi, kamar yadda yaranki suka raɗa masa, ban ga alamar ɗan damfara ba. Na ga mutumin da idonsa ya fi aljihunsa girma, ya yi alkawari a gaban aboki mara lafiya, yanzu kunya ta hana shi cewa ba zai iya ba, sai yake tara bakanikai ko wani zai samo masa dalilin fasawa. Wannan bai wanke shi ba. Da ɗan abin da ya ajiye ya samu mota ta zama tasa ba tare da ya biya ba, ya kuma kai ƙararki wurin majinyaci, wannan kam rashin kirki ne. Kafin alƙalami na riƙe kaya ne na ɗan lokaci sananne. Wanda ba shi da rana ba ciniki ba ne, ɗauri ne.

Ki nemi dattijo ɗaya da su biyun suke jin nauyinsa, in da hali daga ofishinsu. A zauna a gaban maigidanki, a sa rana kafin wa'adin mai shagon ya cika: ko cikon kuɗi, ko a warware cikin mutunci a mayar masa da nasa. A rubuta, kowa ya sa hannu. A karɓi makullin a zaman nan, ba gobe ba. Ki mayar da takarda a gilashi, ki gaya wa mai shagon ainihin halin da ake ciki, in shi ma ya ba da wani abu a rubuta rana da abin da zai faru in ya fasa. Kafin nan ki kai mijinki asibiti a motarsa, ba wanda ya isa ya hana ki. Da wannan tsarin maigidanki bai janye maganarsa ba, abokin ne zai cika ko ya kasa.

Sai dai duk wannan ba zai yi aiki ba sai kin fara da gida. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ina jin ba alkawari kaɗai mijinki yake karewa ba. Muddin abokinsa na jan ƙafa, motar tana ƙofar gida, ana wanke ta, ana neman ra'ayinsa a kanta. Ranar da mai kuɗi hannu ya tafi da ita, ranar ce zai yarda cewa ya zama mutumin da ba ya tuƙi. Mutumin da kika tsana shi ne yake ɗage masa wannan ranar, shi ya sa yake kare shi. Kuma na lura gefe mai yi masa gashin ta ja ki. Kina ɗauke da labarin yatsun nan ke kaɗai, kina ɓoye masa don tausayi, sannan kina jin haushin bai damu ba. Zuwa na gaba ki roƙe ta ta faɗa a gabansa, dalla-dalla, abin da jinkiri yake ci. Akawu ne, ya san abin da ake nufi da lokaci ya ƙure.

In kun dawo gida kada ki ambaci abokinsa ko kaɗan. Ki gaya masa kin san rabuwa da motar na yi masa ciwo, ki bar shi ya yi fushinsa ko kukansa, sannan ki tambaye shi wanne yake so a riƙe masa, motar ko hannun, domin kuɗin da ke gidan bai isa a riƙe duka biyun ba. Zaɓin nasa ne, amma ya yi shi yana sane, tun yatsun suna iya miƙewa.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki juriya, ya kawo muku mai saye na gaskiya da wuri.

Antinku