Tantina da Ɗanlami Ya Kwaikwaya

Assalamu alaikum Yaya Sule,

Ina fatan kana lafiya, da Anti Hauwa da yara. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Haɗeja lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Ka tuna tantin nan mai naɗewa da na haɗa wa masunta, mai gidan sauro a ciki, wanda ƙafafunsa ke ɗaga mutum daga danshi? Ɗanlami maƙwabcinmu ya are shi, wai zai je kamun kifi Guri. Ashe farke ɗinkin ya yi ya kwaikwaya, yana sayarwa a Jahun, wai basirarsa ce. Da na tare shi sai ya ce, "Kai ka fara tanti a duniya?"

Ranar kasuwar Jahun na kafa nawa dab da nasa, na kwara wa kowanne bokitin ruwa a gaban jama'a. Nawa ko ɗigo bai shiga ba, nasa kuwa ya jiƙe sharkaf har tabarma. Masunta suka yi ta yi masa dariya.

Wallahi ban huce ba, Yaya. Na ji wai kasuwar Kirikasamma zai koma da kayansa, ni ma can na nufa da bokitina.

Ka sa ni a addu'a. A gaida Kawu Bala.

Ƙaninka,
Habu