Man Zaitun da Ya Malale a Titi

Zuwa ga Yaya Hereniya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ciwon bayan nan? Alloli su kawo sauƙi.

Yaya, kin san bakina. Tun da garmata ta tumɓuke dutsen iyakar gona, aka ce na wulaƙanta Tarminus, abin bauta mai tsaron iyakoki, aka yanke mini kisa, kowa ya leƙo ni a kurkuku ban da ke. Zagin da na aika miki ta bakin matata ko kare ba zai ci ba.

Sauran duk Roma ta sani. Ana jana a ɗaure za a jefa ni daga kan dutse, sai muka yi kiciɓis a lungun majema da ɗaya daga cikin 'yan matan da ke tsaron wutar allahiya Besta, an ɗauko ta a kafaɗa cikin gadonta na alfarma. Dokar kakanni ce, wanda za a kashe in ya haɗu da su ya tsira, muddin ba shiri aka yi ba. Shugaban dogarai ya tambaye ta, ta ce, "Ban san da shi ba. Man zaitun ne ya malale babban titi, masu ɗaukata suka kauce ta nan." Nan take aka kwance ni.

Jiya na shiga kasuwa, na ga rumfarki wayam. Mai kifi tana ta ƙyaƙyata dariya, wai Hereniya ta tsufa, ran nan jakinta ya kubce mata, tulunan manta na shekara guda suka farfashe a titi. Ke da ko ɗigo ba kya bari ya zuba! Na zauna a ƙasa ina kuka, suka ɗauka rana ce ta buge ni.

Ashe kin ƙi zuwa ne don kada a zarge ki. Na gode, Yaya. Ki yafe mini. 'Ya'yana suna da uba saboda ke.

In aka gane, za a mayar da ni dutsen nan, a haɗa da ke. Kina gama karantawa ki shafe rubutun da ke kan kakin zuman allon nan. In mun haɗu a hanya zan ɗaure fuska in yi tsaki in wuce, ke ma ki rama. Haka za mu yi ta yi har mu mutu, amma ke dai kin sani.

Ki gaida yara, kada ki ce daga ni ne.

Ƙaninki,
Numeriyus